Pain score: ma'aunin ciwo, na zafi, ko na raɗaɗi?

Jama'a ku zo mu tsayar da magana ɗaya kan wannan tambayar da nas ke yi wa wanda aka fito da shi daga tiyata, wai daga 0 zuwa 10 nawa kake ji. 0 babu komai, 1 zuwa 3 kaɗan-kaɗan, 4 zuwa 6 ya fara hana sakat, 7 zuwa sama kuma sai an kawo ɗauki. Da lambar ake duba ko farasitamol zai wadatar ko sai an haɗa da allura irin su pentazocine ko mofin.

Wani ya ce ma'aunin ciwo. Ni dai ban yarda ba, don ciwo ya yi faɗi, ciwon suga ciwo ne, hawan jini ma haka kuma mutum na yawo da shi ba ya jin komai. Ka ce wa dattijo za a auna ciwonsa sai ya miƙo hannu a ɗebi jini.

Ma'aunin zafi kuwa ai tamomita ta riga ta cinye sunan, a wod kana cewa zafi za a ɗauka zazzaɓi ne.

Wata anti nas ta kawo zogi, kuma wallahi ta yi kusa, amma zogi na ƙurji ne da haƙori, mai bugawa yana saki. Ɗinkin CS, wato tiyatar ciro jariri, in mace ta yi tari ba zogi take ji ba, ji take kamar wurin zai yage. Raɗaɗi ne ya kwashe su duka.

To na tsaya a MA'AUNIN RAƊAƊI, aikin kuma awon raɗaɗi, kamar yadda muke cewa awon ciki. Na yara mai fuskoki 6 daga dariya zuwa kuka sai mu ce ma'aunin fuska.

Saura yadda za a yi tambayar, don mutanenmu akwai dauriya da kunya, in ka ce "Baba ya jiki" amsar "da sauƙi Alhamdulillah" ce ko da gumi na keto masa, shi kuma wanda raɗaɗi ya hana tari da jan numfashi sosai majina ke taruwa masa a ƙirji, wanda ya ƙi tashi ya taka kuma jini na iya daskare masa a ƙafa. Gara nas ta ce "Baba, a kwancen nan raɗaɗin ya kai nawa cikin 10? To in ka yi tari fa?" Lamba biyu za ta rubuta, ta kuma dawo ta sake tambaya bayan an ba da magani.