Na yi wa baƙo kukan da ban yi wa Baba ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana don Allah.

Yau kwana biyar raina a jagule, kuma kunyar faɗin dalilin nake ji. Ranar Talata 2 ga Agusta 2022 wani tsoho Ba'amurke ya mutu yana da shekara 94, Vin Scully, mai sharhin wasan besbol na ƙungiyar Dodgers. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Amma da na ji sanarwar a rediyon mota, sai da na gangara gefen titi na kifa kai a sitiyari, na yi ta kuka kamar yaron goye.

A 1986 Baba ya kwaso mu daga Kano zuwa Los Angeles, ina ɗan shekara 7. Da rana karatu yake, da dare gadi, a inda ba a yarda da rediyo ba. Da farko ko dokar wasan bai sani ba, ya ce Turanci yake koya, don Scully a tsanake yake magana, yana ba da labari tsakanin jifa da jifa kamar mai tatsuniya. Aikina in kama tashar rediyon KABC in danna jan maɓalli, in naɗa masa wasan a kaset. Gefen kaset minti 45 ne, wasa kuwa ya kusa awa uku, ba halin gyangyaɗi. Bayan asuba mu saurara tare yana kurɓar shayi, ranar da na yi suɓul da baka na faɗi wanda ya ci kuwa na shiga uku. Wasan 1988 da ɗan wasan Dodgers Kirk Gibson ya fito yana ɗingishi ya doka ƙwallon ta fice fili, a talabijin muka gani. Scully ya yi shiru fiye da minti ɗaya, ya bar mu da ihun jama'a. Baba ya ce, "Ka ga mai hankali, ya san lokacin rufe baki."

Baba ya rasu a Kano a 2019. Sai ranar sadakar uku na isa. Na zauna a tabarma ina amsa gaisuwa, ina lissafin kuɗin shinkafa, idona ƙamas. To yaya za a ce na yi wa wanda ba addininmu ɗaya ba kukan da ban yi wa mahaifina ba? Uwargida ta ce in yi istigfari. Sannan akwai kwalin kasa-kasan nan a gareji, ta daɗe tana so a zubar. In zubar ne in huta?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan uwa, abu biyu ka haɗa. Roƙa wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara, shi ne malamai suka hana. Jin zafin mutuwarsa da ambaton alherin da ya yi maka ba laifi ba ne. An wuce da gawar Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya nuna ai ita ma rai ce. Hawaye kuma ba shi ne ma'aunin ƙauna ba. Istigfari dai ba ya yawa, ka yi, amma ba don wannan ba.

Ɗan Zongo:
Chale, sannu. Ni ɗan ƙungiyar Yankees ne, a unguwar Bronx ta New York nake, Dodgers ba mutanena ba ne, amma tsohon nan namu ne, a nan Bronx aka haife shi a 1927. Ya fara tun ƙungiyar tana Brooklyn a 1950, ya bi ta Kalifoniya a 1958, bai ajiye makirfo ba sai 2016. Kakar wasa 67 ke nan, kowace kaka tun daga Afrilu har ƙarshen Satumba, kusan kullum. Wane kawunka ne ya yi maka hira haka? Lokacin da suke wasa a filin Coliseum na Los Angeles mutane da 'yan rediyonsu suke zuwa, suna kallo da ido suna sauraronsa da kunne. Ba kai kaɗai ka yi kuka ba, je ƙofar filin Dodgers, kan titin da aka sa wa sunansa, ka ga furannin da aka tara.

Gaskiya Ɗaci:
Kai jama'a! Ƙannenmu sun kusa wata shida a gida saboda yajin aikin ASUU, wani kuma yana kukan mai sharhin ƙwallo. Hutu ne ya yi maka yawa, Alhaji.

Hajiya Babba:
Kai Gaskiya Ɗaci, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na maraya ma haka, in ba ka ɗanɗana ba ka ja bakinka.

Ɗana, saurare ni. Da maigidana ya rasu na yi takaba wata huɗu da kwana goma, mutane suna yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, zuciyar ce ta daskare. Sai bayan shekara biyu, ina kakkaɓe ɗakinsa, na ci karo da rediyonsa, allurar tana nan a kan Kaduna inda ya bar ta. Na kunna, ba batir. Wallahi a wurin na zube, har maƙwabta suka shigo. Wa zai ce rediyo na yi wa kuka? Kai a zaman makoki aiki aka ɗora maka, babban ɗa ba ya samun sararin kuka. Kar ka ga laifin matarka, ba ta zauna shan shayin nan da ku ba, ba ta labarin yadda ka ba mu. Kuma in Hajiyarku tana raye ka kira ta, ka tambaye ta zaman shekarun nan. Ita ma tana da nata.

Mai Gyaran Rediyo:
Kar ka zubar, kuma kar ka yi gaggawar cusa su a tsohon rediyo. Zafin gareji yana lalata zaren, bel ɗin tsohon inji kuma ya saki, sai ya tauna maka. Fara da guda ɗaya, ka nannaɗe zaren da biro a hankali har ƙarshe ka dawo da shi. Akwai ɗan inji mai USB da ke juye kaset zuwa kwamfuta, ba shi da tsada.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, har da kai Gaskiya Ɗaci, ka sa ni dariya. Na sayo injin, na gwada guda ɗaya jiya da dare. Muryar tana nan garau. Amma a ƙarshen gefe na biyu sai wasan ya yanke, na ji muryar kakata tana lissafo waɗanda suka haihu a gidanmu, tana cewa a aiko mata da man zafi. Ashe kaset ɗin saƙon da ta aiko mana na danne da wasa, ban taɓa sani ba, ban kuma san ko Baba ya lura ba. Minti huɗu ne suka rage daga maganarta. Na tura wa Hajiyarmu ta WhatsApp, ta saurara, ta kira ni tana faɗa wai tun ina yaro ɓarna ce sana'ata. Mai Gyaran Rediyo, akwai biyu da zarensu ya tsinke, da me ake liƙawa?