Idan hoto ya ƙi zama inda aka sa shi a LaTeX

Kukan da masu rubuta kundin digiri da LaTeX, manhajar tsara rubutu, suka fi yi shi ne hoto ko jadawali ya gudu shafi na gaba, wani lokaci har ƙarshen babi. Waɗanda suka daɗe suna harkar sun ce da gangan aka tsara shi haka, domin kada shafi ya tashi da fili babu rubutu.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a daina ba hoto umarnin wurin zama na [h] (wato nan) kaɗai. A ba shi [htbp], wato nan, sama, ƙasa, ko shafin hotuna zalla. Ga dalili: LaTeX ba ya sauya jerin hotuna. Idan hoto na 3 ya rasa wuri, na 4 da na 5 duk sai su jira shi. Kuma bisa ƙa'idarsa ta asali, hotunan saman shafi ba sa wuce kashi 70 cikin 100 na tsayinsa, don haka rage girman hoton kaɗan kan warware matsalar. Alamar !, kamar a [!htbp], tana sassauta wannan ƙa'ida.

An yi saɓani kan [H] na kunshin float (ƙarin kayan aikin LaTeX), mai kafe hoto daram. Wasu na sonsa, amma a ganina gibin da yake bari ya fi ciwo. Gara \FloatBarrier na kunshin placeins, ko \clearpage, masu tilasta fitar da hotunan da ke jira kafin a ci gaba.

Sai \label, mai yi wa hoto laƙabi: a sa shi bayan \caption, wato taken hoton, in ba haka ba \ref, mai kiran lambar hoton a cikin rubutu, zai kawo lambar da ba ita ba. Gyaran wuraren hotuna kuwa a bari sai an gama rubutun, tunda kowane sabon sakin layi yana sake motsa su.