Muhawara: shin latas zai iya maye gurbin nama da ƙwai?

Auta: Assalamu alaikum. Wata magana nake gani tana yawo, wai latas cike yake da furotin, wato sinadarin gina jiki, har ma idan aka auna da kalori, ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, yana gogayya da nama. Ni dai maganar ta shige ni. Ina shirin ajiye nama da ƙwai in koma ganye zalla, ko na rage ƙiba.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, kada ki soma. Kusan kashi 95 cikin 100 na latas ruwa ne. A ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na mai dunƙulewa kamar kabeji, wanda ake kira aisbag, furotin ɗinsa giram 0.9 ne. Mai dogon ganye, romen, giram 1.2. Ƙwai guda ɗaya kuwa yana da kimanin giram 6.

Auta: To Yaya, ƙarya suka yi ke nan?

Yaya Babba: Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, wayon lissafi ne. Giram 100 na romen kalori 17 ne kacal, shi ya sa idan aka ce kusan kashi 30 cikin 100 na kalorinsa daga furotin yake, sai abin ya yi kama da babban abu. Amma ki tambayi kanki, nawa za ki ci? Baligi yana bukatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 yana neman giram 48 ke nan. Kafin ki same shi daga romen sai kin cinye kilo 4. Cikin wa zai ɗauka?

Kawu: Ni fa ban gamsu ba. Sa ciyawa yake ci, ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, amma dubi tsokar da ke jikinsa. Idan ganye ba ya gina jiki, daga ina ya samo ta?

Anti: Kawu, tambayarku tana kan hanya, sai dai cikinmu da nasa ba ɗaya ba ne. Cikin sa ɗaki huɗu ne, kuma a cikin tumbinsa akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ke narka ciyawar. Su ne ke hayayyafa, shi kuma ya narkar da su ya sami furotin. Ga shi yana wuni yana kiwo, ya kwanta yana tuƙa. Mu ciki ɗaya gare mu, ba mu da wannan tumbin.

Kawu: To na ji. Amma har yanzu ina ganin kuna raina ganye.

Anti: Ni kam ban raina shi ba, a nan ma nake saɓa wa Yaya Babba kaɗan. Yadda ya yi magana sai mutum ya ɗauka ruwa ne kawai ake taunawa. Ku ɗauki ganyen romen ku duba: can ƙasa wajen ƙashin fari ne fat, sama kuwa kore shar. A koren nan amfanin ya fi taruwa. Giram 100 nasa na da bitamin K kimanin maikrogiram 100, wanda ya kusa biyan bukatar yini guda, ga folet, wani nau'in bitamin B da mai juna biyu ke matuƙar bukata, ga abin da jiki ke mayarwa bitamin A don lafiyar ido. Aisbag, da yake ganyensa fari-fari ne, bitamin K ɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake yaye koren ganyen waje a zubar, a ci farin ciki.

Yaya Babba: Ban musa ba, Anti. Furotin aka tambaya, shi na amsa.

Auta: Yanzu ni ya zan yi?

Anti: Ki ci latas ɗinki, zai cika miki ciki ba tare da kalori mai yawa ba. Amma ki ɗora masa ƙwai, ko kifi, ko wake, don dafaffen wake giram 100 na ba da wajen giram 8. Idan kika yanke furotin kina rage ƙiba, har tsoka za ki zubar, ba kitse kaɗai ba. Ki ɗan zuba mai a kai, saboda bitamin A da K sai da maiƙo jiki ke tsotse su sosai. Kuma ki ware ganyen ɗai-ɗai ki wanke da ruwa mai tsabta, tunda ɗanye ake ci.

Kawu: Kin ambaci bitamin K. Ni da nake shan warfarin saboda daskarewar jini, in daina ci ne?

Anti: A'a Kawu, kada ku daina, kuma kada ku ƙara yawansa farat ɗaya. Bitamin K na rage ƙarfin maganin, don haka ana so abin da kuke ci ya zama daidai wa daida kowane mako. Idan za ku canza, ku fara gaya wa likitanku, zai auna jinin ya daidaita muku maganin.