Neman shawara: yaya zan bayyana tafiyar taurari a galaksi mai siffar ƙwai?

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako mai zuwa zan gabatar da semina a kan galaksi (wato gagarumin tarin taurari) masu siffar ƙwai, ga inda na maƙale. Taurarin galaksinmu suna kewaya tsakiya ta fuska ɗaya, shi ya hana su ruftawa ciki. To waɗannan manyan da ba sa juyawa sosai, me ke riƙe da su? Kuma idan wani galaksi ya kutso, ina taurarin ke nufa? Ku taimaka mini da misalin da zan fara da shi.

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da zuma a bakin amya. Kowace da inda ta dosa, amma tarin yana nan bai watse ba. Haka taurarin suke: kowanne da hanyarsa, wani ya faɗo tsakiya ya wuce, wani ya gitta. Wannan gudun barkatai shi ke ture ƙarfin da ke jan su ciki. A galaksin M87, mai nisan da haske zai shafe shekaru kusan miliyan 55 kafin ya iso mana, bambancin gudunsu ya haura kilomita 300 a sakan ɗaya. Ana gane shi daga yadda layukan da ke bayyana idan an rarraba haskensu launi-launi kamar bakan gizo ke yin faɗi.

Mai Kallon Sama: Malam ya gama da na farko. Na biyun, ki jaddada musu cewa taurarin ba sa karo da juna, don ratar da ke tsakaninsu ta yi yawa. Hanyoyinsu ne ke rikicewa. Nuna musu hoton galaksin Centaurus A, wannan baƙar ɗamarar ƙura da ke tsakiyarsa ragowar wani galaksi ne da ya haɗiye. Wanda ya fi burge ni kuwa galaksin IC 1459: taurarin cibiyarsa suna juyawa saɓanin na gefe, alamar baƙi ne da suka shigo da tasu tafiyar.

Malamin Sakandare: Kada ki manta da masanin taurari Alar Toomre. A 1977 ya kawo ra'ayin cewa haɗuwar galaksi masu siffar faifai ce ke haifar da masu siffar ƙwai. Malamanki za su tambaya.

Ɗalibar Fiziks: Allah ya saka da alheri, Malam. Da zuman zan buɗe, sai Centaurus A. IC 1459 zan ajiye shi har lokacin tambayoyi.