Maraƙar madara mai kati: wa ya taɓa saye ya raina ya sayar a nan Legas?

Ɗan Oko-Oba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan fili a bayan Ikorodu inda nake kiwata bijimai da raguna na Sallah. Bana wasu masu sana'ar kindirmo sun ce in samo musu karsanai ruwa-biyu masu ciki. Niyyata in sayo maruƙan da aka yaye, in raina, a yi musu barbara, in sayar. An turo mini hotuna daga wata gona a jihar Oyo, kowace da katinta, an rubuta jinin Friesian, irin shanun madara na Turai, kashi 75, ga sunan uba da lambarsa. Dabbar nama ido da hannu sun ishe ni, amma 'yar wata huɗu ba ta da hantsar da zan duba. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka duba, me ya faru daga baya?

Baban Kara: Wa'alaikumus salam ɗana. Ni tun ana sauke tirela a Kara ta bakin Berger muna ƙirga kai da alli nake cikin shanu, kuma ban taɓa sayen karsana don madara ban ga uwarta ba. Ka je da kanka ka kwana. A tatse ta a gabanka da yamma har hantsar ta saki, sannan ka tsaya a kan tatsar asuba da mudunka a hannu. Dalilin ta yamman: akwai masu barin saniya ba tatsa kwana guda idan sun san mai saye na tafe, hantsa ta cika tam, bokiti ya cika, gobe kuma babu rabinsa. Ka tambayi haihuwarta ta nawa, wata nawa da haihuwa, me take ci. Saniyar da ta cika bokiti a wata na biyu ta ƙafe a wata na biyar ba ta kai wadda ke ba da matsakaici har wata tara ba.

Kuma kar ka raina Bafulatanin da ba shi da kati. Na ga dattijon da zai ja maka asalin saniya ta wajen uwa, wance ta haifi wance, har kaka ta huɗu, ya gaya maka wadda ke ɓari da wadda ke harbi. Idan ka koma bayan shekara ka sake tambaya, abin da ya faɗa shi zai maimaita. Kati kuwa na sha ganin mai biro guda ya cike goma a zama ɗaya.

Likitan Epe: Baba ya gama maganar uwa, bari in taɓa ta uba, don a nan aka fi yi wa mutane rufa-ido. Idan allurar barbara aka yi, ɗan tsinken maniyyin yana ɗauke da sunan bijimin da lambarsa a jiki, kuma mai allurar kirki yana da littafi. Ka nemi littafin, ka duba ranar da aka yi wa uwar, ka ƙirga zuwa ranar haihuwa. Cikin saniya kwana 280 ne da 'yan kai. Na taɓa raka wani dattijo duba maruƙa, muka tarar tsakanin allura da haihuwa wata goma sha ɗaya ne. Ma'ana allurar ba ta kama ba, bijimin garke ne ya ƙarasa aikin, amma sunan na Turai ne a kati. Mai gonar bai ma musa ba.

Sai kashi 75 ɗin nan. In uban tsantsar Friesian ne, ba ya yiwuwa sai uwar ita kanta rabi-da-rabi ce. To in ka je ka ga uwa farar Bunaji da tozonta da dogon ƙaho, 'yarta ba za ta wuce kashi 50 ba, ko me aka rubuta. Launin baƙi da fari ba shaida ba ne. Kuma ni a ganina, ga mai fili a Ikorodu ko Epe ko Badagry, kashi 50 ɗin ta fi 75 kwanciyar hankali. A NAPRI, cibiyar binciken dabbobi ta Shika, an daɗe ana haɗa Friesian da Bunaji, abin da aka sani shi ne jinin waje in ya yi yawa sai da abinci da inuwa da magani na sosai. Can ma Zariya ke nan. Mu nan ga laima, ga kaska, ga ƙudan tsando mai kawo sammore, ga kirci da damina. Masu kashi 75 da na yi jinya, da rana tsaka za ka same su baki buɗe suna haki, sun bar ci, 'yan rabi-da-rabi na gefe suna tuƙa.

Alƙaluman madara da ke cikin kundin bijiman Amurka ko Holan an samo su ne daga 'ya'yan bijimin da aka tatsa a can, kwana 305, cikin sanyi da cimar can. Suna da amfani wajen gwada bijimi da bijimi. Ba alƙawarin lita ba ne a Ikorodu.

Ɗan Oko-Oba: Likita na gode. Uwayen ba sa cikin hotunan ko ɗaya, yanzu na lura.

Hajiya Mai Kindirmo: Ni mai saye ce, ƙanena, bari ka ji daga wannan ɓangaren. Ina da 'yan shanu kaɗan a wajen gari, ina kai kindirmo Agege da Idi-Araba. Ban taɓa tambayar sunan uban saniya ba, ban iya faɗarsa ba ma. Abin da nake tambaya: uwarta tana sakin madara in babu ɗan a gabanta? Jinin Bunaji ko Bokoloji in ya yi ƙarfi, ɗan ya mutu, madara ta tafi. Tana tsayawa a tatse ta ko sai an ɗaure ƙafa? Sannan kan nonon. Da hannu yarana ke tatsa, wasu 'ya'yan Friesian ɗin kan nononsu gajere ne, na injin tatsa, yatsa biyu kawai ke kamawa, yaro ya gaji kafin ya ƙare. Kuma wadda na fi ji da ita mai jinin Jersey ce, 'yar ƙarama ja-ja. Ba ta kai sauran lita ba, amma madararta mai maiƙo ce, kindirmonta ya fi kauri, ga shi ba ta cin kuɗin dusa kamar manyan. In za ka kawo mini irinta da ciki tabbatacce, mu yi magana.

Na Alabarago: Ku yi haƙuri, ni dai nawa ganin daban. Na raina karsanai ruwa-biyu, mai sayen da muka yi magana ya janye, na shigar da su kasuwa. Babu dillalin da ya kalli kati. Cinya da ƙirji aka taɓa, aka yi tayin nama, kuma saniyar madara ba ta cika ido, ƙashin baya a waje. Duk abin da ka biya saboda asali, ranar da ka shiga kara ya tafi. Ka karɓi kafin alƙalami daga masu kindirmon nan tukuna.

Manomin Badagry: Gaskiya ce Malam, amma ni kati ya yi mini rana, wanda na rubuta da hannuna. Tun ranar da maraƙa ta shigo nake sa mata ɗan kunne mai lamba, in buɗe mata shafi: awon ƙirji duk wata, ranar rigakafin ciwon huhu, ranar maganin tsutsa da na kaska, ranar barbara da sunan bijimi. Na haɗa da bidiyon tatsar uwarta da na ɗauka a wayata. Wani mai gona daga Ogun da ya ga wannan bai ja ciniki ba.

Abu ɗaya da asali ba ya gyarawa shi ne maraƙar da aka ci amanarta tun tana jaririya. Inda ake sayar da madara, maraƙi ne ke biyan kuɗin. In ba ta sha dakashi, wato madarar farko, sosai a sa'o'in farko ba, ko ta yi fama da zawo, za ka gan ta da babban ciki, gashi a tsaye, kai ya fi jiki. Irin wannan ko 'yar wane ce ba ta kamo 'yan uwanta. Ni ba na sa a yi barbara don shekara ta kai, sai ta kusa kashi 60 na nauyin uwarta. Kuma ka lissafa ci da kyau, tun dokar hana kiwon sake ta 2021 komai a mazubi yake: dusar alkama, dusar kwakwa, ciyawar da za a yanko, harawar da ta sha hanya daga Arewa.

Sabon Shiga: An yi mini tallan wasu wai Girolando ne. Akwai wanda ya san su?

Likitan Epe: Girolando irin Brazil ne, haɗin Holstein, dangin Friesian, da Gir ta Indiya, wadda aka fi sani kashi biyar cikin takwas Holstein, uku Gir. Suna jure zafi. Amma yanzu duk mai dogon kunne da ɗigon baƙi Girolando ce a bakin dillali, don haka tsinke da littafi dai.

Ɗan Oko-Oba, ƙarin abu kafin ka tafi Oyo. Ka tambaya ko akwai 'yar tagwaye a cikinsu. Macen da aka haifa tare da namiji, fiye da tara cikin goma juya ce, kuma a ido ba ta da aibu, sai ka ciyar da ita shekara biyu kana jiran ta nemi barbara. Irinsu ake fara zubarwa kasuwa. Ka rubuto sunayen iyayen maza ma, domin tsinken bijimi ɗaya kan zagaye yanki guda, kar mai allurarka ya zo ya ɗura wa 'ya maniyyin ubanta. Sannan in garken na da labarin ɓari, a ɗebi jinin uwayen a gwada bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, kafin kuɗi ya fita. Cutar tana kama mutum ta ɗanyar madara, su Hajiya kuma madarar za su sayar.

Hajiya Mai Kindirmo: Ni ina dafa tawa kafin in zuba iri, Likita. Amma takardar gwajin nan a haɗo mini da ita, da ta awon ciki.