Wai mene ne haɗin rigar Carhartt da masu bidiyon bindiga a YouTube?

Auwal_mai_walda:
Salam 'yan uwa. Lokacin sanyin bana na sayi wata jaket a gwanjo a Ƙofar Wambai, ruwan ƙasa, yadinta kauri kamar tamfal, da ɗan tambari ruwan ɗorawa a aljihu an rubuta Carhartt. Ni don walda na saya, tartsatsi baya huda ta da wuri. To ƙanina ne yake yawan kallon turawan nan masu gwada bindigogi a YouTube, sai yake nuna min wai da yawansu irin rigar suke sawa, har ya ce min wai an taɓa harbin wani da ke sanye da ita, harsashi bai ratsa ta ba. Yanzu dai hankalina bai kwanta ba, shin kayan sojoji ne ko na 'yan farauta? Kar in je wani shingen bincike a ce na sa abin da bai kamata ba.

Baban_Khalifa_Ohio:
Wa alaikumussalam Malam Auwal, kwantar da hankalinka, kayan leburori ne zalla. Kamfanin tun 1889 wani Hamilton Carhartt ya kafa shi a Detroit, da ɗinka wa ma'aikatan jirgin ƙasa kayan aiki ya fara, yanzu hedkwatarsu na Dearborn a jihar Michigan. Ni tirela nake ja a nan, duk gidan man da ka tsaya da asuba lokacin ƙanƙara za ka ga masu gini da manoma da masu gyaran wuta duk da ita, wata ma ta koɗe hannun ya zare amma mai ita bai yar ba.

Dalilin da kake ganinta a bidiyon kuwa, yawancin masu tashoshin a ƙauye suke ɗauka, a gona ko bayan gida, kuma a waje ake harbin cikin sanyi, to abin da ke rataye a bakin ƙofa shi mutum zai ɗauka. Amma akwai wani abu da suke yawan tattaunawa, wai idan kana da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye bai kamata shigarka ta tona maka asiri ba. Wandon kamfanin 5.11, irin na jami'an tsaro mai aljihu da yawa, kowa ya gan ka da shi ya san inda ka dosa, ita kuwa Carhartt sai a ɗauka kafinta ne ya taso daga aiki. Sai kuma wasu a cikinsu su ce ai yanzu ita ma ta zama alama tunda kowa ya gane dabarar. A kan wannan kaɗai sai ka ga sharhi ɗari-ɗari a ƙarƙashin bidiyo.

Injiniya_Sadiq:
Maganar harsashin nan ina roƙonka Auwal ka ja wa ƙaninka kunne, don irin wannan zancen ne yake kai yara ga halaka. Asalin labarin a New York ne a 2016, jaridu suka ruwaito cewa 'yan sanda sun harbi wani mutum mai wuƙa kuma wai wasu harsasan sun maƙale a jaket ɗinsa ta Carhartt. Mutumin fa ya mutu a harbin. Bayan nan masu bidiyo suka yi ta sayen rigar suna ɗora ta kan wani abu mai kama da kitse da ake gwada harsashi da shi, suna harbi, kuma harsashin yana wucewa fit. Abin da yake gaskiya kawai shi ne harsashi mai rami a baki, wanda aka yi shi don ya buɗe idan ya shiga, wani lokaci zaren yadi mai kauri yana toshe ramin sai ya ƙi buɗewa, to sai ma ya ƙara nitsewa ciki. Shi ya sa suke sa yadi a gwajin. Auduga ce kawai, ba sulke ba ce.

Baban_Khalifa_Ohio:
Haka ne Injiniya. Kuma na manta, ba dukansu ke yabonta ba yanzu. A Janairun 2022 shugaban kamfanin Mark Valade ya aika wa ma'aikata saƙo cewa dokar yin rigakafin korona tana nan a kamfanin duk da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka da ya dakatar da irin wannan dokar ta gwamnati a kan manyan kamfanoni, sai masu ra'ayin riƙau suka fusata, aka yi ta kiran a ƙaurace musu, wasu har cire tambarin suka yi. Tun daga nan sai ka ji wani yana cewa ya koma wasu kamfanonin kayan aiki kamar Dickies ko Duluth. Ga kuma ƙorafin cewa 'yan gayun birni da basu taɓa riƙe shebur ba sun kwashe ta, musamman Carhartt WIP, wato samfurinsu na gayu na Turai mai tsada, da kuma cewa yawancin kayan yanzu ba a Amurka ake ɗinka su ba.

Hajiya_Mai_Dila:
Ɗana Auwal ni shekara da shekaru ina fasa dila, wannan tambarin in ya fito ware shi nake yi daban don samari na nemansa. Abin da jami'ai ke kamawa mai ɗigo-ɗigon sojoji ne, shi kam ko kyauta kar ka karɓa. Taka ka duba ɗinkin kafaɗa, in layi uku ne kuma zif ɗin ƙarfe ne mai nauyi to ka dace da ta gaske. Kar ka jiƙa ta da bilic.

Auwal_mai_walda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na duba yanzu, layi ukun ne. Injiniya zan nuna wa yaron abin da ka rubuta in ya dawo daga makaranta.