Injin ɗaure kaya da leda, wanne ya kamata in saya?

Mai ruwan gora: Salam jama'a, don Allah masu sani a taimaka. Ina so in sayi injin da ke naɗe gorunan ruwa da leda ya gasa ta ta kama, 12 a fak, don in an yi lodi zuwa Maraɗi ko Damagaram kafin a kai rabi sun watse a mota. An nuna min wani ƙarami a Legas wai yana yi.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Wace leda yake ci? Nan ne ake cutar mutane. In POF ko PVC ce, wato ledoji marasa kauri, to na sabulu ne da kwalin turare, ba za ta riƙe nauyin ruwa ba. Kai mai cin ledar da ake kira PE za ka nema, mai kauri, kamar maikiron 60 zuwa 80, injin kuma kashi biyu ne, mai yanka leda ya liƙe, sai ramin zafi da fak ɗin ke bi ta ciki, a bakin fita akwai fanka mai huce shi, in babu fankar ledar na saki tun kafin yaro ya ɗauka.

Hajiya mai sabulu: Gaskiya ne Injiniya, nawa ƙaramin ne kuma yana min aiki lafiya lau, amma ko gwangwanin madara bana sa masa.

Wani daga Sharaɗa: Ni dai maganar wuta zan yi. Ramin nan hita ne zalla, tiri fes yake so, wato wuta mai layi uku, namu in aka kunna sai ka ji janareto ya canza murya, in wuta ta yi ƙasa kuma ledar ta fito a yamutse ba ta kama ba. Alhaji ka fara tambayar kilowat nawa yake ja ka gwada da janaretonka kafin a zo maganar kuɗi.

Mai ruwan gora: To injin da ke zagaye kaya da leda a kan falet, katakon da ake jera kaya a kai, fa?

Injiniya: Wancan daban, ledarsa ja ake yi ba a gasawa. Bayan ka gama fak ne yake amfani, in tirela za ka cika.

Wani daga Sharaɗa: Kuma kar ka biya sai ka kai gorunanka da ledarka an gwada a gabanka, ka ɗaga fak ɗin ta ramin da ledar ke bari a gefensa ka girgiza. In daga Chana za a kawo a haɗo maka da hita da bel da wuƙar yanka na sifiya.

Mai ruwan gora: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya zan biyo ka ta inbos da hoton wanda aka nuna min.